Karena yana ta susa har gashin gindin wutsiyarsa ya zube

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da kare namiji ɗan shekara 2 wanda ya fara susa kusan wata 2 da suka wuce, abin kuma kullum gaba yake yi. Da dare ba ya samun barci, sai ya lanƙwashe yana cizon gindin wutsiyarsa da bayan cinyoyinsa, har gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja tana ɓawo. Na bincike jikinsa sau da dama ban ga ƙuma ko kaska ba, na kuma yi masa wanka da sabulun karnuka sau 3, amma sauƙin bai taɓa wuce kwana guda ba. Akwai kyanwa a gidan, ita lafiyarta ƙalau. Wani ya ce mini abinci ne jikinsa ba ya karɓa. Shin in canza masa abinci, ko akwai abin da ya kamata in fara dubawa?

Tsohon mai kiwo:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar taɓa abincin, domin wurin da ka ambata, wato gindin wutsiya da bayan cinya, shi ne inda cizon ƙuma ya fi bayyana. Rashin ganinta da ido ba hujja ba ce. Karen da jikinsa ba ya jituwa da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya hana shi sakat na kwanaki, kuma yawan lasa da cizon da yake yi ne ke sa ya haɗiye ƙumar kafin ka kai ga ganinta.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka tsayar da shi a kan farar takarda, ka taje bayansa da mataji mai ƙananan haƙora, sannan ka yayyafa ruwa a kan baƙaƙen ɗigon da suka zubo. Idan ƙasa ce za ta zauna yadda take, idan kuwa kashin ƙuma ne za ka ga ya narke ya bar jan tabo, domin jinin karen ne da ta sha.

Abin da ke kayar da mutane shi ne, ƙumar da ke jikin dabba ɗan ƙaramin kashi ce na waɗanda ke gidan. Ta mace tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi a shimfiɗa da darduma da tsagar daɓe, ya zama tsutsa, tsutsar ta naɗe kanta a cikin ɗan kwanso wanda zai iya yin watanni bai fashe ba. Shi ya sa wanka ba ya raba gardama. Sai an ba kare magani na aƙalla wata 3 a jere, an wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi kowane mako, an kuma haɗa da kyanwar, wadda ni ita na fi zargi duk da ba ta susa.

Mai karnuka biyu:

Na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai ina ganin bai kamata a rufe ƙofa a kan ƙuma kaɗai ba. Ɗan'uwa, ka duba gefen kunnuwansa da gwiwoyin ƙafafunsa na gaba da cikinsa. Idan can ma akwai ɓawo, a yi tunanin ƙazuwa, wadda ƙwaronta ke haƙa rami a cikin fata, ba a ganinsa sai an kankari fatar an duba a madubin likita, wani lokaci ma a kankara ba a dace da shi ba. Tana kama mutane, don haka ka lura ko wani a gidan ya fara ƙaiƙayi a hannu ko a ciki.

Idan kuwa lasar tafin ƙafa yake yi, kunne yana wari, hammata da matsematsi sun yi ja, to ya fi kama da alaji, wato rashin jituwar jiki da ƙura ko garin furanni, wanda yakan fara tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Na abinci yana nan, naman shanu da madara da kaza su ne kan gaba wajen jawo shi, amma ba a gane shi da canza wannan buhu zuwa wancan. Sai an tsare kare a kan abin da bai taɓa ci ba har mako 8, ba tare da ko loma ɗaya ta wani abu ba, sannan a mayar da shi kan tsohon a ga ko susar za ta dawo. Wahala ce da ba a shiga ba tare da shawarar likitan dabbobi ba.

Uwar gida:

Ni gargaɗi zan yi, domin na taɓa ƙonewa. Wani mai sayar da magani ya ba ni ruwan feshin gona ya ce in tsarma in wanke karyata da shi, kafin awa guda tana dalalar da yawu tana karkarwa, da ƙyar aka ceto ta. Baƙin mai ma da ake shafa wa ƙazuwa guba ne, tunda kare lashe shi zai yi. Tunda kana da kyanwa, ka karanta jikin kwalba da kyau, domin maganin ɗiga wa kare a wuya mai ɗauke da sinadarin fametirin (permethrin) yana iya kashe kyanwa ko da goga jikinta kawai ta yi da nasa. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard na wata-wata da Bravecto na mako 12, waɗanda ke kashe ƙuma da kaska, amma da nauyin kare ake auna su, kuma wajibi ne a sanar da likita idan karen yana farfaɗiya.

Mai tambaya:

Na gode muku ƙwarai. Na yi gwajin takardar da safiyar yau, tabon ya fito ja a wurare da yawa, kuma da na taje kyanwar sai ga ƙuma 2 masu rai a wuyanta. Kunnuwansa da ƙafafunsa lafiya suke. Sai dai na ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiyarsa, ban san ko suna da alaƙa da wannan ba.

Tsohon mai kiwo:

Suna da ita, Malam. Gaɓoɓin tsila ne, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma kare ke ɗaukarta. Ka faɗa wa likita ya haɗa masa da maganin tsila, domin ba kowane maganin tsutsar ciki ke kashe ta ba. Ya kuma duba fatar da ta yi ɓawo, idan ta fara ruwa ko wari tana iya buƙatar nata maganin daban.