Okid mai kara ya ƙi yin fure, ina mafita?

Mai Fulawa Kwangila:
Assalamu alaikum. Ina da wurin sayar da fulawa, wato shuke-shuken ado, a bakin titi wajen Kwangila, a Zariya. Bara na saro okid ɗin nan mai dogon kara, Epidendrum, wanda furanninsa ƙanana ne, ja da ruwan lemo, a dunƙule can saman kara. Ya iso mini cike da fure, yanzu kuwa sai tsawo yake ta yi, ganye kore shar, fure ko ɗaya babu. Yana cikin leda a gindin dalbejiya, da baƙar ƙasa da takin shanu. Tun ruwan Agusta wasu suka fara yaushi daga ƙasa. Mai saye kuwa fure yake kallo, ba kara ba.

Hajiyar Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, dalbejiyar nan ce ta hana ka ciniki. Wannan okid ɗin ɗan rana ne. A ƙasashensa na asali, daga Meziko zuwa Kolombiya, a fili yake fitowa, har a gefen hanya. Koren ganyen da kake gani shaidar ƙarancin haske ce. Wanda ya ƙoshi da rana ganyensa kan ɗan yi ja-ja. Ka matsar da shi inda zai sha hantsi, amma sannu a hankali, kada ganyen ya ƙone. A Maris da Afrilu kuwa sai ka ja masa raga da tsakar rana.

Baba na Shika:
Gaskiyar Hajiya, amma ni yaushin ya fi damuna. Zare ɗaya daga leda ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai tauri, da ɗan kore a baki. In ka matsa ta ta lotse, ɓawon ya saluɓe ya bar zare, to ta ruɓe. Baƙar ƙasa riƙe ruwa take yi. Datse ruɓaɓɓun, ka koma tukunyar ƙasa mai huji, ka zuba gawayi da tsakuwa da ɓawon kwakwa. Takin shanu ka bar wa rozi. Shi okid, ɗan takin ruwa tsarara ya ishe shi. Ka kafa masa sanda kuma, iskar farkon damina ba ta da mutunci.

Mai Fulawa Kwangila:
Na gode, Baba. To wasu sun fitar da 'ya'ya a jikin tsohon karan fure, da saiwa a sarari. In yanke? Hunturu kuma fa?

Baba na Shika:
A'a, ɗana, jarinka ke nan! Bari saiwar ta kai tsawon ɗan yatsa, sannan ka ɓalle ka dasa kowanne a tukunyarsa. Sanyin Zariya ba ya kashe shi, bushewar iska ce matsalar. Ka riƙa ba shi ruwa da safe, ka wanke ƙurar ganye, ka leƙa hammatar ganyen ko farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya ɓuya a ciki.