Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan filin jirgin saman Malam Aminu Kano

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar muhawararmu:

1. Kowa ya yarda filin nan ba na Kanawa kaɗai ba ne. Tun 1936 yake aiki. Matafiyan Jigawa, 'yan kasuwar Kantin Kwari, har 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ta nan suke tashi zuwa Jidda, Alƙahira ko Adis Ababa.

2. Zaman sojojin sama a gefen filin, inda suke horar da matuƙa, nan aka rabu. Wasu sun ce ganinsu na kwantar da hankali. Mazauna unguwannin kusa kuwa sun koka da rugugin jiragen atisaye, musamman in yara na barci. Ni dai ina ganin kukansu abin dubawa ne.

3. Shawarar da babu mai musu: kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton ɓangaren soja, ko ta tagar jirgi.

4. Lokacin aikin Hajji a fita da wuri, fasfo da tikiti a hannu, ba cikin akwati ba.

5. Da yawa sun nemi a ƙara jiragen dakon kaya, don fatu da riɗi su daina bi ta Legas.