Na tuba na bi Yesu, amma a unguwa har yanzu ɓarawo ake kirana

Ɗan Aboabo:
'Yan'uwa, shawara nake nema. Iyayena daga Bolga, arewacin Ghana, suka zo, amma a unguwar Aboabo a Kumasi aka haife ni. Da ƙuruciya na yi yankan aljihu a kasuwar Kejetia, na sha wiwi da tramol, har na yi zaman kurkuku a Adum. A can na ji bishara, a 2019 aka yi mini baftisma. Yanzu walda nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai, da gumina nake ci.

Amma a gidan hayarmu, ko cajar waya ce ta ɓace, ƙofata ake fara kallo. Tsoffin abokaina, waɗanda ba coci ba masallaci, su suka fi. In na fito ranar Lahadi da Littafi Mai Tsarki sai su ɗaga murya: "Fasto, aljihun wa za a yi wa addu'a yau?" Ni zan iya jurewa. Abin da ke ci mini rai shi ne matata, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ana ce mata matar ɓarawo a gaban ɗanmu. Ina tunanin mu koma Techiman inda ba wanda ya san ni. In tafi ko in zauna?

Maman Alheri:
Ɗana, sannu. Karanta Ayyukan Manzanni 9:26-27. Da Shawulu ya zo Urushalima bayan ya tuba, almajirai da kansu tsoronsa suka ji, ba su yarda shi ma almajiri ba ne, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. In masu bi sun yi haka, ina ga na waje? Ka nemi dattijo guda a unguwa wanda ake jin maganarsa, ya san aikinka, ya tsaya maka. Kada ka tashi. Motar Techiman daga Kumasi take lodi, labarinka zai riga ka sauka.

Direban Asawase:
Ni ba na zuwa coci, kuma zan faɗi gaskiya ko za ta yi ɗaci. An taɓa yanke wa mahaifiyata jaka a Kejetia, jarinta gaba ɗaya, ta yi wata tana kuka. Wanda ya yi, wataƙila yau yana waƙa a wata majami'a, an ce masa an wanke shi. To ita wa ya biya ta? Mutane ba addininka suke ƙi ba, ɗan'uwa. Ba su ga abin da ya dawo hannunsu ba ne.

Baba Sabon Zongo:
Ni Musulmi ne, na daɗe a Kumasi. Masu gorin nan ba su kyauta ba, musamman ga matarka da ba ta ɗauki allurar kowa ba. Amma direba ya taɓo wani abu. A wurinmu, in laifi ya shafi haƙƙin mutum, tuba ba ta cika sai an mayar masa ko ya yafe. Yaro, akwai waɗanda ka sani ka cuta, suna nan da rai?

Maman Alheri:
Baba, mu ma haka ne. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, Luka 19:8.

Ɗan Aboabo:
Na gode muku duka. Direba, Allah ya ba Mama haƙuri. Na kasuwa ban san fuskokinsu ba. Amma Baba, akwai tela a layinmu da na sace wa keken ɗinki, ya sani, na sani, kullum muna wuce juna ba gaisuwa. Ƙarshen wata in na karɓi kuɗin ƙofofin da nake haɗawa zan je wurinsa. Ni kaɗai zan je, ko in nemi mai unguwa ya raka ni?