Ƙwarin lafanda: abin da manoma suka tsayar

Da manoman lafanda, tsiron nan mai ƙamshi da ake turare da shi, suka zauna kan matsalar ƙwari, kusan duk maganar ta koma kan ɗan mitsitsin ƙwaron nan, Hyalesthes obsoletus. Ni ma shi ya fi damuna. Tsotsar ruwan tsiro yake yi, yana tsotsa yana ɗura masa ƙwayar cutar stolbur, wadda ta daɗe tana cin gonaki a Provence, kudancin Faransa. Ganye ya yi rawaya, reshe ya bushe, tsiron ya mutu. 'Ya'yansa a ƙarƙashin ƙasa suke, manne da saiwa, shi ya sa feshi ba ya kai musu. Shawarar da aka fi jaddadawa: a dasa tsiro mai shaidar lafiya, a tuge wanda ya kamu, a zaɓi iri mai juriya. Irin da ake kira Grosso ya fi irin Abrial jurewa nesa ba kusa ba. Wasu na fesa farin yumɓu, wasu na shuka ciyawa tsakanin kunyoyi.

Kumfar da ake gani a jikin kara kamar an tofa yawu, ɗan wani ƙwaro ne daban a ciki. Ruwa kawai ya isa ya wanke shi. Sai dai babbansa na iya yaɗa cutar Xylella.

Buzuzu mai sheƙi da ratsin kore da shunayya kuwa, ya fi son rosemary, wani tsiro dangin lafanda, amma lafanda da sauran danginta masu ƙamshi ba su tsira ba. A shimfiɗa ƙyalle, a girgiza reshe, a kwashe. Kuma kada a yi feshi lokacin fure, saboda ƙudan zuma.