Makunni ɗaya, suna biyu: laifin wa ne?

Sadiya:
Assalamu alaikum. Ina gina shafin intanet wanda masu larurar gani za su yi amfani da shi, kuma na sanya wa wani makunni matsayin role="switch" kamar yadda ƙa'idar ARIA, wadda ke taimaka wa manhajojin karanta allo su gane abubuwan da ke shafi, ta tanada. Da na gwada shi da manhajojin karanta allo guda biyu a burauza ɗaya, sai ta farko ta ce makunni ne kuma a kunne yake, ta biyu kuwa ta kira shi akwatin zaɓi. Shin ni ce na yi kuskure, ko burauzar, ko manhajar?

Malam Habu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Da wuya ki zama mai laifi a nan. Manhajar karanta allo ba rubutun shafinki take dubawa kai tsaye ba. Burauza ce ke gina wani tsari na daban daga abubuwan da ke shafin, wanda ke ɗauke da suna da matsayi da halin kowane abu, sannan ta miƙa shi ta ƙofar da tsarin kwamfutar ya tanadar, wato IAccessible2 ko UI Automation a Windows, NSAccessibility a macOS, da AT-SPI a Linux. Matsalar ita ce waɗannan ƙofofi sun girmi wasu matsayai. Shi switch bai shigo ba sai a ARIA 1.1, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar a 2017, alhali tsohon tsarin MSAA, ƙofar Windows da aka gina IAccessible2 a kanta, tun shekarun 1990 yake, kuma ba shi da kalmar makunni. Don haka burauza takan aika shi a matsayin akwatin zaɓi, ta haɗa da ƙarin bayani mai suna xml-roles wanda ke faɗin ainihin abin da yake. Manhajar da ta duba wannan bayani za ta ce makunni, wadda ba ta duba ba kuwa sai ta tsaya ga tsohon suna.

Injiniya Bala:
Ina goyon bayan Malam, sai dai ki fara tabbatar da cewa kin sanya aria-checked, wanda ke nuna ko makunnin a kunne yake ko a kashe, kuma yana sauyawa idan an danna, domin ba a cika gane matsayin daidai ba idan babu shi. Ki kuma buɗe kayan binciken Firefox ko Chrome ki ga abin da burauzar take aikawa. Idan ta nuna switch, to ki kai rahoto ga masu manhajar, ki ambaci sigarta da sigar burauzar. Shirin ARIA-AT na W3C ma irin wannan saɓani yake gwadawa a manhajojin karanta allo na JAWS da NVDA da VoiceOver.

Sadiya:
Na gode ƙwarai. Na duba, burauzar ta nuna switch, kuma aria-checked yana sauyawa yadda ya kamata. Zan haɗa ɗan ƙaramin shafi mai makunnin kaɗai in tura tare da rahoton.