Cajin waya ba igiya: ci gaba ne ko yaudara?

Mai Caji, Gujungu: Salamu alaikum. Faifan nan da ake ɗora waya a kai ta yi caji ba igiya, 'yan talla sun fara cusa shi ga masu shagon caji, wai shi ne gobe. Ni na ce yaudara ce. Batirin waya mai 5000mAh kusan wat-awa 19 yake ɗauka. Da igiya za ka kashe kamar 22, a kan faifai kuwa har 30 kana kaiwa, ragowar zafi take zama. Waya 50 a rana, wat-awa 400 ke nan ta salwanta. Batirin ruwa mai bolt 12, amfiya-awa 100, abin da za ka ja ba ka kashe shi ba 600 ne kacal. Wannan abu ba zai yi gaba a karkara ba.

Malamin Kimiyya, Ringim: Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafi ya yi, amma "yaudara" ta yi nauyi. Naɗin tagulla ne biyu, ɗaya cikin faifai, ɗaya a bayan waya. Wuta mai juyawa sau dubu 100 zuwa 200 a daƙiƙa tana tayar da maganaɗisu a na farko, na biyu ya kama ya mayar da shi wuta. Taransifoma ce aka raba gida biyu. Tsarin Qi, wato ƙa'idar cajin waya ba igiya, tun 2010 yake, ba a ɓoye asararsa ba.

Mai Caji, Gujungu: Malam, wanda ya sayar maka da kaya ya ɓoye aibinsu, me sunan abin da ya yi? Algus.

Mai Gyara, Dambatta: To ɗan talla ne ya yi algus, ba faifai ba. Asarar ma tana da dalili: in naɗin biyu suka goce da juna, ko rigar waya ta yi kauri, ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Ƙarfe ya shiga tsakani, ko makulli ko tsaba, sai ya ɗau zafi, faifai mai kyau ya yanke wuta da kansa. Na bogi ne ba ya yankewa. Kuma ku tuna ɓarnar da ƙurar hunturu take yi wa bakin caji.

Ɗan Sola, Kazaure: Yaya, kai da bakinka ka ce akwai na bogi. Ashe akwai yaudara ke nan.

Mai Gyara, Dambatta: Akwai igiyar bogi ma. Ita ma igiya yaudara ce?

Ɗan Sola, Kazaure: Babbar ɓarna ma ba a nan take ba. Mai shago ya ɗauki bolt 12 ya kai 220 da inbata, caja ta sake sauke shi zuwa 5. Asara biyu. A sa abin rage bolt kai tsaye daga batir, da fiyus a kan jar wayar wuta, an huta.

Mai Caji, Gujungu: Yaro, fanka da fitilun shago fa? Kayanka kake talla, mun gane.

Ɗan Sola, Kazaure: Baba, akwai fanka da ƙwan bolt 12, kowa ya sani. Ban kawo farashi a nan ba.

Malamin Kimiyya, Ringim: A koma kan zancen ci gaba. A 2007 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun kunna ƙwan wat 60 ba igiya daga nisan mita 2, kashi 40 cikin ɗari na wutar ya isa. Yau akwai ƙa'idar cajin mota mai lantarki ba igiya daga ƙasa har kilowat 11. Qi2 na 2023 ya sa zoben maganaɗisu da ke daidaita waya a kan naɗi, yana ba da wat 15. Gocewar da ake kuka da ita ce aka yi wa magani.

Mai Caji, Gujungu: Kashi 40! Kashi 60 fa, ina ya tafi? A watan Afrilu kuma, zafi ya wuce digiri 40 a rumfar kwano, waya da kanta take rage caji don kare batir. Ƙara mata zafin faifai ka gani. Wayoyin mutanenmu ma yawanci ba su da naɗin nan.

Mai Gyara, Dambatta: A daina yi wa Malam tsawa, shi ya koyar da da yawa a cikinmu.

Ɗan Sola, Kazaure: Ba wanda ya yi tsawa. Ni aka ce wa ɗan talla, ba wanda ya ce uffan.

Shugaban Zaure: An rufe wannan batu. Abin da ya fito shi ne Malam ya kawo hujja da shekaru, fasahar gaskiya ce kuma tana ci gaba, don haka kalmar "yaudara" ba ta tsaya ba, muna roƙon Alhaji ya janye ta. Zancen asarar wuta da zafi ƙananan matsaloli ne da ake kan gyarawa. Maganar inbata ba nan ne wurinta ba, mai so ya buɗe ta daban bayan sallar isha'i.