Neman shawara: An fara ba bakwainina kafeyin, hankalina bai kwanta ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwanana 6 da haihuwa, cikin yana sati 29, yaron kilo 1.2, yana kwalba. Jiya ina tsaye a kansa na ga ƙirjinsa ya tsaya cak, leɓensa ya fara duhu, na'ura ta hau ƙara. Nas ta zo ta murza masa tafin ƙafa, sai ya ja numfashi. Wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi. Yanzu likita ya ce sun sa masa kafeyin. Ba shi ne na cikin kofi ba? Ni da girmana in na sha ba na barci, ina ga ɗan tsurut ɗin nan? Babansa ya ce mu nemi a dakatar. Don Allah ku ba ni shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, barka da arziki 'yar uwa. Kada ku dakatar, don Allah. Sashen ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin numfashi bai gama nuna ba a jikin bakwaini, shi ya sa yake kamar mantawa, numfashin ya ɗauke har daƙiƙa 20 ko fiye, bugun zuciya ya sauka. Kafeyin wannan wurin yake zaburarwa. Kuma da nauyin yaro ake aunawa: miligiram 20 na kafeyin sitret, wato irin na asibiti, kan kowane kilo a karon farko, daga nan 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana. An gwada shi kan jarirai sama da 2,000 a wani babban bincike da aka fitar a 2006, waɗanda aka ba sun fi saurin rabuwa da na'urar numfashi, ciwon huhu mai daɗewa ya ragu a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar amfani da shi a 2022.

Wata uwa: Allah sarki, kin tuna min da tawa. Bugun zuciyarta kan ɗan yi sauri, nauyinta ma ya yi jinkirin hawa a satukan farko, daga baya ta kamo. Da ta kai lissafin sati 34, haɗe da satukan da ta yi a ciki, aka tsayar, amma sai da muka ƙara kwanaki ana lura da ita, don maganin yana daɗewa a jikinsu kafin ya fita. Na ƙosa in tafi gida, yanzu nake gode musu. Ki tambayi likitan yaushe za su tsayar, kuma kwana nawa za su sa ido bayan nan.

Wani ɗan uwa: Masu karantawa a kula, wannan maganin asibiti ne. Kada wani ya ɗura wa jariri kofi ko shayi a gida.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa babansa, ya yarda a ci gaba. Gobe tare za mu ga likita da tambayoyin nan biyu. Tun asuba na'urar ba ta yi ƙara ba, ku sa mu a addu'a.